Ɗan Sukurun da Ya Cinye Mini Tiransista Huɗu: Tarihin Saita Bayas a Amfilifaya

Wannan makon layi ya biyo ta kaina, kuma na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da ƙarfen dalma. Ku yi haƙuri ku biyo ni, labari ne da mutane a cikinsa, har da asara.

Wasu shekaru da suka wuce, cikin zafin watan Afrilu, na harhaɗa amfilifaya a ɗakina. Na sayi allo da tiransistoci da taransifoma, na kwana uku ina liƙa su da dalma, domin na yi wa wani abokina alkawarin kayan sauti a bikinsa. Da na kunna ta yi magana, sai dai idan aka rage murya sautin yana fita da kaushi, kamar an zuba yashi a sifika. A tsakiyar allon akwai wani ɗan shuɗin abu, bai kai ƙwayar gyaɗa biyu ba, da ɗan sukuru a kansa. Na sa sukundireba na murɗa, kaushin ya ragu. Na ce ashe nan maganin yake, na ƙara murɗawa da kyau. Ba a yi minti goma ba na ji ƙauri. Fis ya tsinke, tiransista huɗu sun mutu, sun tafi da sifika guda. Da na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu, tambaya ɗaya ya yi mini: "Nawa ka sa bayas?" Na ce, "Baba, da kunne na saita." Ya yi dariya har da tari, ya ce, "Ɗan nan, kunne ai ba mita ba ne."

Tun daga ranar nake bin diddigin wannan ɗan sukuru, na tarar rigimarsa ta haura shekara ɗari.

Sai mun fara sanin aikinsa kafin tarihin ya shiga kai. Sauti a cikin waya igiya ce mai hawa da sauka. Yawancin amfilifaya suna raba aikin gida biyu, tiransista ɗaya ta ɗauki rabin hawa, ɗayar ta ɗauki rabin sauka. Duk wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya gane tsarin: taɓaryar wannan tana sauka, ta waccan tana tashi. Daɗin lugude yana wajen miƙa hannu. Idan ta biyu sai ta ga ta farko ta gama sannan za ta sunkuya ta ɗauki taɓarya, kiɗan ya karye. Haka tiransistar silikon take, ba ta fara aiki sai wutar da ke ƙofarta ta kai kimanin bolt 0.6. Saboda haka a daidai wurin da ɗaya ke saki ɗaya ke karɓa, sai a sami giɓi, kuma giɓin nan shi ne yashin da na ji. Maganinsa a bar 'yar wuta tana ratsa su duka biyun ko da babu sauti, kowace taɓaryarta a hannu. Wannan 'yar wuta ta zaman jira ita ake nufi da bayas. Masu gyara ba su fassara kalmar ba, ni ma na bar ta yadda bakinsu ya saba. Idan ta yi kaɗan sauti ya gurɓace, idan ta yi yawa zafi ya cinye kayan.

Kafin tiransista, bawul ake amfani da shi, wato kwalbar nan mai haske da ke cikin tsofaffin rediyoyi. Lee de Forest na Amurka ne ya saka 'yar ragar waya a cikin kwalbar a 1906, ragar da ke sarrafa yawan wutar da ke wucewa. A 1915 Edwin Colpitts na kamfanin Western Electric ya sami rajistar tsarin bawul biyu masu aikin lugude. Rediyoyin shekarun 1920 batir uku suke ci: ɗaya na dumama bawul, ɗaya na ba shi babbar wuta, na ukun kuwa, wanda Amurkawa suka yi wa lakabi da harafin C, ba shi da aiki sai riƙe bayas. A Ingila batirin bayas na bolt 9 ne, da ramuka a jere, tsakanin kowane rami da na gaba bolt 1.5. Mai rediyo yana cire fulogi daga wannan rami ya soka a wancan har ya ji muryar ta yi masa. Kun ga ashe saita bayas da kunne ba ni na fara ba. Bambancin shi ne bawul yana da haƙuri. Idan an matsa masa, farantin cikinsa zai yi ja kamar garwashi, mai ido ya gani ya kashe kafin a yi ɓarna.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu harhaɗa amfilifaya a gida ya zama abin yayi a Turai da Amurka, domin kayan lantarkin soja sun cika kasuwa da araha, ga kuma dubban samari da suka koyi aikin rediyo a soja. A watannin Afrilu da Mayu na 1947 mujallar Wireless World ta Landan ta buga zanen wani saurayi ɗan Edinbara mai suna D. T. N. Williamson, lokacin yana da shekara 24. Amfilifayarsa tana ba da wat 15 da bawul biyu samfurin KT66, gurɓatar sautinta kuwa ba ta wuce kashi 0.1 cikin ɗari ba. Ya bar bawul ɗin suna shan wuta sosai ko ana kiɗa ko ba a yi, tsarin da ake kira Aji A. A nan babu giɓi sam, domin babu wadda ke ajiye taɓarya. Kuɗin da ake biya shi ne zafi da ɓarnar wuta, don Aji A ko a kan takarda ba ya mayar da fiye da rabin wutar da ya sha ta zama sauti. Aji B, inda kowace ke hutawa a rabin aikin, yana iya kaiwa kashi 78.5. Tsakanin waɗannan biyu aka yi ta ja-in-ja.

Wanda ya fi burge ni a zamanin bawul shi ne David Hafler, wanda ya kafa kamfanin Dynaco a birnin Filadelfiya a 1955. A 1959 ya fitar da amfilifaya mai suna Stereo 70, ana sayar da ita a warwatse a kwali kan kimanin dala 100, mutum ya je gida ya harhaɗa da kansa. An sayar da fiye da dubu 300. Matsalar Hafler ita ce dole mai saye ya saita bayas, alhali mitocin da talakawa ke da su a lokacin ba su da tabbas. Sai ya yi dabara. Ya sa rezista mai om 15.6 a ƙarƙashin kowane bawul biyu, ta yadda idan wutar da ake so ta ratsa ta, wato mili-amfiya 100, mita za ta nuna bolt 1.56. Me ya sa wannan lamba mai wutsiya? Saboda sabon batirin tocila daidai bolt 1.56 yake nunawa. Ka auna sabon batir, ka lura da inda allurar mitarka ta tsaya, sannan ka murɗa bayas har allurar ta koma wurin. Ko mitarka maƙaryaciya ce, ƙaryar iri ɗaya za ta yi sau biyu. A ganina nan ne bayas ya fara tashi daga hannun kunne ya koma hannun lamba, kuma wanda ya yi wannan ya san halin mai saye fiye da yadda wasu marubuta suka san mai karatunsu.

Tiransista ta zo a Disambar 1947 daga ɗakunan binciken Bell, ta hannun John Bardeen da Walter Brattain da William Shockley. An ɗauki kusan shekara goma kafin ta iya tura sifika da ƙarfi. Wanda ya buɗe ƙofar wani injiniya ne haifaffen Shanghai ta ƙasar Sin, Hung Chang Lin, yana aiki a kamfanin RCA. A Satumbar 1956 ya buga zane a mujallar Electronics wanda ya kawar da taransifomar da ake sawa tsakanin amfilifaya da sifika, abu mai nauyi da tsada. Lugude na son tiransista iri biyu masu kishiyar hali, NPN da PNP, amma a lokacin manyan da ake samu na jamaniyam kusan duk PNP ne. Lin ya haɗa ƙananan tiransistoci a gabansu har babbar PNP ɗaya ta riƙa aiki kamar kishiyarta. A Nuwambar 1961 Tobey da Dinsdale suka kawo irin wannan tsari a Wireless World, mai wat 10, masu harhaɗawa a gida suka rungume shi. Duk allon amfilifaya da za ka saya yau mai tiransistoci a jere, jikan zanen Lin ne.

To amma tiransista ta zo da wani mugun hali da bawul ba shi da shi. Duk lokacin da zafinta ya ƙaru da digiri ɗaya, wutar da take buƙata a ƙofarta tana raguwa da kimanin milibolt 2. Ku lura da abin da wannan ke nufi. Ka saita bayas tana sanyi. Ta fara aiki ta ɗumama, ƙofarta ta ƙara buɗewa, wuta ta ƙaru. Wutar da ta ƙaru ta ƙara mata zafi, zafin ya ƙara buɗe ƙofa. Haka za a yi ta yi, kamar gobarar daji da iska ke bi, har ƙwayar da ke ciki ta narke. Idan ta narke kuma ba ta yankewa, haɗewa take yi, sai ta kwararo wa sifika wutar taransifoma gaba ɗaya. Abin da ya same ni ke nan. Tiransistar jamaniyam ta fi muni, don ba ta jure zafin da ya kai digiri 100. Kamfanonin farkon shekarun 1960 sun tsorata, suka riƙa sa bayas ƙasa-ƙasa don kada kayansu su dawo a ƙone. Sakamakon haka sai kaushi ya cika amfilifayoyin, masu sauraro suka ce ai tiransista muryarta ba daɗi. Wannan baƙin jini ya bi ta shekaru, har yau akwai masu rantsuwa da bawul, alhali rabin laifin na giɓin nan ne.

Maganin da aka samu yana da sauƙin faɗa: a sa mai gadi wanda zafi ke taɓa shi daidai yadda yake taɓa manyan. Da farko dayod aka riƙa sawa ko rezista mai jin zafi, kuma shi Lin yana cikin waɗanda suka yi nazarin wannan. Daga baya aka koma ga wata ƙaramar tiransista da ake ɗaurewa a jikin farantin alminiyon nan mai fiffike da ke zuƙe zafin manyan. Idan farantin ya ɗau zafi ita ma ta ɗauka, sai ta rage bayas da kanta. Ɗan shuɗin nan mai sukuru, rezista ce mai murɗawa da ke gaya wa ƙaramar inda za ta tsaya. Aka kuma sa wa kowace babbar tiransista 'yar rezista a ƙafarta ta emita, yawanci om 0.22 ko 0.33 ko 0.47, farar nan mai kama da alli, tana taka mata birki. A tawa amfilifayar, ƙaramar mai gadin na bar ta a tsaye a kan allo tana shan iska, ban ɗaure ta a farantin ba, don ban san dalilin ramin da ke jikinta ba. Dattijon nan da yatsa kawai ya nuna mini ita, bai ce komai ba.

Akwai waɗanda suka ce a bar wannan wahala a koma gidan jiya. A Afrilun 1969 John Linsley-Hood ya buga amfilifaya mai tiransista huɗu kacal a Wireless World, Aji A tsantsa, ya gwada ta da ta Williamson. Tana shan amfiya 1.2 a bolt 27 ko da shiru ake, wato sama da wat 30 na zafi domin a sami wat 10 na sauti. A ɗakin Ingila cikin hunturu wannan ma taimako ne. Har yau ana harhaɗa ta.

Tambayar da ta rage ita ce, ga mai son Aji B, nawa ne daidai? Amsar ta fito daga inda ba a zata ba. Bernard Oliver shi ne a lokacin shugaban ɗakunan bincike na kamfanin Hewlett-Packard, kuma a Fabrairun 1971 ya rubuta 'yar maƙala a mujallar kamfanin. Ya nuna da lissafi cewa abin lura shi ne wutar da ke faɗuwa a kan 'yar farar rezistar nan ta emita, kuma wurin da miƙa hannu ya fi santsi yana tsakanin milibolt 13 da 26. Lambar 26 ba daga kasuwa ta fito ba, daga halittar tiransista take, ita ce abin da lissafin zafi da cajin lantarki ke bayarwa a ɗaki mai matsakaicin yanayi. Saboda haka idan rezistarka om 0.22 ce, milibolt 26 na nufin kimanin mili-amfiya 118. Idan 0.33 ce, 79. Idan 0.47 ce, 55. (A shekarar nan ta 1971 Oliver ya jagoranci wani nazari na hukumar NASA kan yadda za a kasa kunne a ji ko akwai masu rai a wasu taurari. Mutum ɗaya, kunne ɗaya a sama, ɗaya a sifika.)

Douglas Self na Ingila ne ya bi wannan da awo. Daga 1993 zuwa 1994 ya jera maƙaloli takwas a Electronics World, wadda ita ce tsohuwar Wireless World da sabon suna, yana tsinto hanyoyin gurɓatar sauti ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya tabbatar ya ba masu ganin "ƙara kaɗan ba ya ɓaci" kunya. Idan bayas ya wuce daidai, akwai wurin da tiransistocin biyu ke turawa tare da cikakken ƙarfi, sannan ɗaya ta saki, sai a sami tudu a inda da ake da rami. Taɓarya biyu sun haɗu a turmi ke nan. Ya kuma nuna cewa lambar ta danganta da yadda aka jera tiransistocin. A tsarin da aka fi sani ana neman sama da mili-amfiya 100, amma a wani tsarin da ake jingina wa George Sziklai, kimanin goma sha wani abu ya isa. Wanda ya kwafi lambar wani zane ya ɗora a kan wani, ya sayi rigima.

Wasu kuma sun nemi su kashe sukurun gaba ɗaya. A 1975 Peter Walker da Michael Albinson na kamfanin Quad a garin Huntingdon suka fitar da Quad 405, mai wat 100 kowane ɓangare. Sun bar manyan tiransistocin ba bayas, suka sa wata ƙaramar amfilifaya mai tsabta tana cike giɓin, don haka babu abin murɗawa. A 1977 Hitachi ta Japan ta kawo wasu tiransistoci na daban, irin MOSFET, waɗanda idan wutarsu ta haura kimanin mili-amfiya 100, zafi rage ta yake yi maimakon ƙarawa. Hafler, da ya dawo da sabon kamfani mai sunansa, da su ya yi amfilifayar DH-200 wadda ita ma ake harhaɗawa a gida. Yanzu kuma ga Aji D, mai kunnawa da kashewa sau dubu ɗaruruwa a daƙiƙa, shi ne a cikin ƙananan sifikokin Bluetooth, kuma ba shi da sukurun bayas ko ɗaya.

Duk da haka sukurun bai mutu ba, musamman a wurinmu. Amfilifayar da masu haɗawa na gida ke yi wa masu kiɗan biki da masallatai da masu shela, akasari zanen Lin ne da aka gyara, da tiransistocin Toshiba 2SC5200 da 2SA1943 a jere. Kuma lissafin da aka yi a ɗakin Turai yana buƙatar a sake duba shi a garin da zafin inuwa ke haura digiri 40 a bazara. Ɗauki amfilifaya mai bolt 50 sama da 50 ƙasa. Kowace tagwayen tiransista a mili-amfiya 118 tana fitar da zafin kusan wat 12 tana zaune. Idan tagwaye huɗu ne, kusan wat 47 ke nan kafin mawaƙi ya buɗe baki, a cikin akwatin ƙarfe, a ƙarƙashin rumfa, da rana tsaka. Ƙara da jabun tiransistoci da suka cika kasuwa, masu sunan Toshiba a goshi da 'yar ƙwaya a ciki. Shi ya sa ƙwararrunmu ke sa bayas ƙasa da abin da littafi ya ce, kuma ban ga laifinsu ba. Mai rawa a filin biki ba zai ji kaushin da ke fitowa a ƙaramar murya ba, amma kowa zai ji shirun da ke biyo bayan ƙauri.

Karo na biyu a gaban dattijon na yi, a shagonsa. Ya sa na ɗaure ƙaramar tiransistar a farantin da ɗan man zafi. Ya sa na murɗa sukurun zuwa mafi ƙarancin bayas tun ban kunna ba, na cire sifika, na toshe hanyar shigar sauti. Ya jona tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 100 a kan wayar wuta, ya ce idan akwai kuskure ƙwan zai haska ya shanye, maimakon tiransista ta sha. Ƙwan ya yi walƙiya ya dushe, alamar lafiya. Muka auna bakin sifika, milibolt kaɗan ne, babu wutar da ke zuba. Sannan muka cire ƙwan, domin yana rage ƙarfin wuta ya ɓata awo, ya ce in kiyaye yatsuna, tsakanin wayoyin nan biyu bolt 100 ne kuma manyan kafasitoci suna riƙe wuta ko an kashe. Na ɗora mita a kan farar rezista guda, na riƙa murɗawa kwata-kwata ina tsayawa. Ya ce in tsaya a 15.

Muka rufe murfin muka sha shayi. Bayan minti ashirin na buɗe, ta hau 19. Na mayar da ita 15, muka sake rufewa, muka sake jira, ta tsaya a 16 ba ta ƙara motsi ba. Ya sa na bi sauran rezistocin ɗaya bayan ɗaya don a ga ko wata tiransista tana cin rabon 'yan uwanta. Da muka gama ya jawo aljihun teburinsa ya fito da kwalbar jan farce, ya ɗiga ɗigo ɗaya a kan sukurun, ya hura masa iska har ya bushe.